Ƙofar Saura Mai Walda

Ranar da maƙwabcin ƙarshe ya ɗaure katifarsa a kan mota ya tafi, mutum ɗaya ya rage a duk benen, wani tsohon mai walda da ake kira Saura. Masu benen sun sayar, waɗanda suka saya rushewa za su yi, an ba kowa wa'adi, kowa ya nemi inda zai sa haƙarƙarinsa. Shi Saura ba inda zai je da ƙafarsa. Tun bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannun da ya ƙare rayuwarsa yana lanƙwasa ƙarfe yanzu yana kwance a cinyarsa kamar na aro. Matar da ke hawowa daga ƙasa ta gyara shi ta dafa masa abinci, ita ma jiya ta tashi. 'Ya'yansa uku sun ce za su zo da yamma a zauna a yanke wanda zai ɗauke shi. Maganar ke nan a gabansa, wa zai ɗauke shi, kuma ko da wuƙa a wuya ba zai faɗa ba, amma tsoro yake ji.

Abin dariyar, wannan shirun shi ya yi shekaru yana marmari. Ƙofofin maƙwabta a buɗe, iska na kaɗa su. Wani famfo na ɗiga a hawa na sama ba mai kashewa. Duk ya karanta irin wannan a littattafansa, ya karanta ya maimaita har shafuka suka yi laushi kamar tsumma. A littafi daɗi ne da shi. A keken guragu, da fitsari ya matse shi, bai ji daɗin komai ba.

Littattafan sun same shi tun yana ɗan koyo. Ogansa ya tura shi cire ƙarfen tagar wani shagon tsofaffin littattafai da zai rufe, mai shagon ya nuna masa wani kwali ya ce ya kwashe, in ya so ya hura wuta da su. Makaranta dai Saura bai kai ƙarshenta ba, amma karatu ya zauna masa. Ya buɗe kwalin ya ga littattafai masu bangaye iri-iri: dogayen gine-gine ruwa ya ci rabinsu, titi ciyawa ta fasa shi, mutum ɗaya da jaka a baya yana tafiya tsakanin motocin da suka yi tsatsa. Labaran ƙarshen duniya ne, irin na da, waɗanda aka rubuta tun kafin a haife shi. A wani cuta ce ke share mutane, a wani toka ke zuba daga sama, a wani injuna ne suka juya wa masu su baya. Shi bai damu da yadda aka yi aka mutu ba. Babobin farko tsallake su yake yi. Inda yake so shi ne inda 'yan tsirarun da suka rage za su taru a wani rumbun ajiya, a dubi kowa a tambaye shi, kai me za ka iya yi? A nan mai kuɗi yake zama ba kowa ba, mai babban ofis ya koma ɗaukar ruwa, wanda ya iya haɗa ƙarfe da ƙarfe kuwa a ba shi wurin zama kusa da wuta.

Sai an san irin yinin mai walda kafin a gane abin da wannan ke yi masa. Ya yi ƙofofi ba adadi a garin nan, ba a taɓa ce masa ya shigo ya sha ruwa a bayan ko ɗaya ba. "Kai, mai walda," haka ake kiransa, ko da wanda ya haifa a shekaru. Ya yini tsugune a bakin titi, tartsatsi na huda masa riga, idanu kamar an zuba barkono, maigidan da ya ba shi aiki ya fito ya shuri ƙofar da takalmi ya ce fentin bai yi ba. Saura ya ce a yi haƙuri. Da yamma ya koma gida, ya yi wanka, ya buɗe littafi ya kashe su duka ba tare da ya ɗauki alhakin kowa ba.

Akwai wani tela kusa da rumfarsa da ke yawan tsokanarsa.

"Wai kai ba ka gajiya? Shekarar da suka ce duniya za ta ƙare ai ta zo ta wuce, ga mu nan ana ta sayar da tumatir."

"Kuskuren kwanan wata suka yi," in ji mai waldan. "Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da ta zo, duk za ku tafi, ni ne saura."

Daga nan sunan ya kama shi, kuma ya so shi fiye da na yanka. Telan ya mutu tuni, tumatir kuma ana nan ana sayarwa, littattafan nan har yau ana sake buga su, matasa na saye. Ba wani abin mamaki ba ne. Kowane zamani da irin abin da yake tsoro, amma kowa yana da mutanen da zai so a ce sun ɓace ba da hannunsa ba. Kuma ba a taɓa samun mai karatun da ya buɗe irin littafin nan ya ga kansa cikin gawarwaki ba, kowa shi ne mai jaka a baya.

Da ya yi aure ya kama ɗaki da falo a hawa na biyu na benen nan, abu na farko da ya yi shi ne cire ƙofar katako ya sa tasa. Wannan ƙofa ita ce gwanintarsa. Faranti biyu na ƙarfe, ya cika tsakaninsu da yashi, har in ƙaramin hannu ya buga da ƙyar ake ji a ciki. Ya rataye ta da ɗan karkata, yadda ko an bar ta a buɗe za ta taho a hankali da nauyinta ta rufe kanta. Ta waje ba mariƙi, turawa ake yi. Ta ciki akwai zobe na ja da sakata mai kaurin tsintsiyar hannu. Ƙarƙashin gado kuwa gwangwanayen abinci ne da jarkokin ruwa, yana canza su in sun tsufa. Matarsa, wadda yara ke kira Umma, ta ga duk wannan ta ƙyale shi. A ganinta namijin da ke tara gwangwani ya fi wanda ke tara abokan banza.

Wasan ƙofa ya fara ne bayan yara sun yi wayo. Duk ranar hutunsa, in an gama cin abincin yamma an ɗora ruwan shayi, sai Saura ya tafa hannu ya ce, "Duniya ta ƙare!" Kowa ya fita baranda, shi ya zauna ciki, ƙofa ta rufe kanta, ya zura sakata. Doka ɗaya ce: gurbi huɗu ne, su kuma su biyar. Kowa zai buga, ya faɗi amfaninsa, in ya gamsar a buɗe masa. Gurbin Saura ba a taɓa tambayarsa ba, ai shi ya yi ƙofar.

Babban ɗan yakan buga da dunƙulallen hannu ya ce zai iya ɗaukar ruwa, zai iya gyaran fitila. A buɗe masa, uban ya ce, "Shigo, Injiniya." Ta biyun, yarinya mai kaifin baki, ta gano lagon wasan tun da wuri, takan ce ita za ta san magani. "Shigo, Likita." Umma ta buga a gajiye ta ce, "Maigida, ruwan shayin zai ƙone." Ya yi dariya ya ce wannan ma amfani ne. Sai a bar auta.

Autan da ciwon fuka aka haife shi. Siriri ne, ƙirjinsa na kuka kamar tsohuwar ƙofa, ko guga bai iya ɗagawa. Yakan buga da tafin hannunsa, uban yana jin ɗan motsin amma ya ce, "Ban ji ba, ƙara." Ya ƙara.

"Waye?"

"Ni ne, Baba."

"Me za ka iya yi?"

"Zan... zan riƙa ba ku dariya."

"Dariya ake ci?"

Ɗakin ya kaure da dariya, wadda dai ba a ci. Yaron ya sake gwadawa, ya ce zai yi shara, a ce kowa ya iya shara. Ya ce zai yi gadi, a ce tarinsa zai tona musu asiri. Likita ta ɗaga murya ta ce, "Baba, kuma maganinsa zai ƙare, sai an fita nemo masa." Saura ya tafa mata, ya ce wannan yarinya da kai take. Hukunci kullum ɗaya ne. "Ƙarin baki ne. Jira mu gama shan shayi." Yaron ya zauna a baranda ya jingina da bango, maƙwabta na wucewa da bokitai suna tambayarsa laifin me ya yi. Yakan ce wasa suke yi.

Kada a ce Saura ba ya son yaron. In fukar ta tashi, shi ke goya shi ya sauka bene a guje, ya tsaya a asibiti har sai numfashi ya dawo. A lissafinsa ƙarfafa yaron yake yi, don duniya ba ta da tausayi, gara ya ji a gida. Sai dai ranar hutu na zagayowa zai sake tafa hannu. Mugunta iri-iri ce, kuma wadda ta fi daɗewa ita ce wadda mai yinta ya ɗauka tarbiyya ce.

Umma ta yi iya nata. Ta ce ita za ta tsaya a waje a madadinsa, Saura ya ce ba haka ake yi ba, tausayi ne ke kashe mutane a babi na uku. Ta ce to a ƙara gurbi ɗaya, ai ɗakin na iya ɗaukar biyar tunda biyar ɗin ke kwana a ciki. Ya ce in aka ƙara gurbi wasa ya lalace.

"Maigida, yaron nan fa yana ji a ransa."

"Wasa ne, ke ma kin sani."

"Da wasa ake faɗa wa wawa magana. Shi kuwa ba wawa ba ne."

Ya juya shafi, ita kuma ta tashi ta kwashe kofuna.

Wata rana, yaron ya fara tasawa, aka yi wasan kamar kullum, uku suka shiga, Saura ya kasa kunne yana jiran ɗan bugun nan. Shiru. Ya jira har shayi ya huce. Da ya buɗe, ya tarar da shi can ƙarshen baranda yana kallon titi, ko juyowa bai yi ba. Saura ya ji haushi ƙwarai, ya ce wanda bai ma nemi shiga ba ai ya yanke wa kansa hukunci. Tun daga ranar Auta bai sake buga ƙofar nan ba. In ya dawo daga makaranta ya tarar an zura sakata, sai ya tsaya ta taga ya kira Umma. Wasan ya mutu da kansa da manyan suka girma, amma sunan Ƙarin Baki ya bi yaron har ya yi gemu.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Injiniya ya zama mai gyaran janareto a wani otal. Likita ba ta kai likita ba, amma tana ba da magani a wani asibiti, kuma sunan ya zauna. Duk su biyun sun zaɓi sana'ar da za a buɗe musu ƙofa. Auta kuwa, kamar da gayya, ya fara da tallar balan-balan a bakin makarantu, ya koma teburi, daga teburi ya kama shagon kayan wasan yara, shago ya haifi shago. Saura bai taɓa taka ko ɗaya ba. In an ce masa ɗanka fa ya gina gida, sai ya ce, "In ta ƙare, sai ya dafa musu balan-balan."

Da Umma ta kwanta ciwon ajali, Saura ya zauna kusa da ita da littafi a hannu, don bai san wani abin da ake yi da hannu a irin wannan zama ba. Ana gobe za ta rasu ta kama bakin rigarsa.

"Maigida, gurbi ya samu. Kun zama huɗu. Ka buɗe wa yaron nan."

Ya ce ta daina irin wannan magana, za ta warke. Ya ɗauka zafin ciwo ne. Bayan an binne ta Auta ya riƙa aiko da abin da ya kamata ta hannun yayyensa, shi kansa sai a daɗe ba a ga ƙeyarsa ba. Saura bai kira shi ba, a cewarsa uba ba ya bin ɗa.

To yau ga shi, benen ba kowa, rana ta yi sanyi, ya ji takun mutum uku a matakala. Injiniya ya tura ƙofa ya shigo yana haki, Likita na biye da jakarta a kafaɗa. Auta ya gaida uban daga bakin ƙofa, ya tsaya nan, ya sa ƙafa ya tare ta kada ta rufe. An ce ya shigo ya zauna, ya ce nan ma ya yi.

Ba wanda ya ɗaga murya, abin da ya fi ciwo ke nan. Injiniya ya yi bayani dalla-dalla: ɗaki biyu gare shi, yara sun yi yawa, hawa na huɗu ne, wa zai riƙa ɗaga keke yana saukewa? Likita ta ce ita aikin kwana take yi, ga uwar mijinta a gidan tana jinya, gida ɗaya ba ya ɗaukar majinyata biyu. Ta lissafa magungunansa, da wankansa, da juya shi da ake yi kada ya yi gyambo. Ba ƙarya ko ɗaya a maganarta. Saura yana kallon bakinta yana jin muryar yarinyar nan da ya tafa wa.

"Baba, ba ƙi muke yi ba," ta ce. "Kai ka koya mana a dubi abu yadda yake."

Sai ya ji bakinsa, wanda ya karkace tun bara, ya fara magana ba da izininsa ba.

"Ba ni da ci da yawa. Zan iya zama a bakin ƙofa in kun fita, in ga mai shiga da mai fita. Idona ƙalau yake." Ya dube su ɗaya bayan ɗaya. "Yara kuma... zan iya riƙe muku yara. Ina da labarai. Zan riƙa ba su labari."

"Labari ake ci, Baba?"

Injiniya ne, kuma da dariya ya faɗa, irin ta tuna baya, yana tsammanin tsohon zai taya shi. Da ya ga fuskar uban sai dariyar ta maƙale. Likita ta buɗe jaka tana neman abin da ba ta ajiye ba. Saura ya ji wani abu mai ɗumi na bin cinyarsa, fitsarin da ya riƙe tun rana ne ya gaji da jira. Duk sun gani, duk suka yi kamar ba su gani ba.

"Ni zan ɗauke shi."

Daga bakin ƙofa maganar ta fito. Auta bai matso ba, bai kuma canza murya ba.

"Akwai ɗaki a bayan gidana. Zan sa a gyara. Amma da kayansa zai taho, littattafan da gwangwanayen. Da ƙofar."

"Ƙofar kuma?" in ji Likita.

"Ai ba za a bar wa masu rusau ba, Yaya. Aikin hannunsa ne."

Saura ya fashe da kuka, irin kukan tsofaffi mara kyan gani. Ya miƙa hannun hagu, Auta ya ce bari ya sauka ya kira masu mota. Injiniya ya sauke ajiyar zuciya ya ce dama hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Likita ta sa wa ƙanenta albarka har sau biyu. A ran Saura kuwa, cewa yake Umma ta yi gaskiya, yaron nan zuciyar uwarsa ya ɗauko, kuma da zarar sun zauna su biyu zai faɗa masa wata magana mai daɗi. Bai san wace ba tukuna, amma zai nemo.

Ɗakin ba abin kushewa. Can ƙarshen tsakar gida yake, inda da ake ajiye kwalayen kayan wasa. An yi masa fenti, an sa fanka, ga gado mai ƙarfe a gefe don kamawa, ga banɗaki a ciki da keke zai iya shiga. Taga ɗaya ce, ƙarama, can sama kusa da rufi. Littattafan an jera su a kanta daidai inda hannun hagu zai kai, gwangwanaye da jarkoki a ƙarƙashin gado kamar yadda ya saba. An ɗauki wani mutum da zai riƙa zuwa safe da yamma ya yi masa wanka ya kawo abinci. Matar Auta ta zo ta durƙusa ta gaishe shi da ladabi, jikoki suka leƙo daga bayanta suka gudu. Ƙofar kuwa tana nan a rataye, Saura na ganinta ya san an kiyaye karkatar, ko shi iyakar abin da zai yi ke nan.

Auta ya tura keken har tsakiyar ɗaki, ya koma bakin ƙofa ya tare ta da ƙafa. Ya dubi kantar littattafan.

"Na karanta su duka, Baba. Ka sani?"

"Kai? Yaushe?"

"In ka tafi aiki. Ina so in ga inda aka rubuta abin da kake min." Ya yi ɗan tari. "Kai kana tsallake farko. Ni farkon nake karantawa. A kowane ɗaya akwai wanda ake bari, wani a mota, wani a gadon asibiti, wani a bakin ƙofa. Ko suna ba a ba shi. Layi biyu, an wuce. Na yi ta duba ko akwai littafin da zai koma ya ga yadda ya ƙare. Babu."

"Auta, wasa ne fa."

"Na sani, Baba."

"Ni na goya ka zuwa asibiti. Ka manta?"

"Ban manta ba. Shi ya sa ka ga ɗakin da fanka." Ya nuna ƙofar da haɓa. "Sakatar tana ciki, yadda kake so. Ba wanda ya kulle ka, ba kuma wanda zai dame ka. Ga abinci, ga ruwa, ga karatu. Kai ne saura."

Ya janye ƙafarsa. Ƙofar ta taho a hankali, ba ƙara, ba gaggawa, ta zauna a mazauninta. Aikin gwani ne, ba wanda zai ce ba haka ba.

Tun daga nan kwanaki suka zama iri ɗaya. Mai wanka ya zo ya tafi, ba shi da yawan magana. Abinci bai taɓa makara ba, magani bai taɓa yankewa ba. Injiniya da Likita sukan kira Auta a waya su tambaya, a ce musu lafiya lau, kuma gaskiya ne. Saura ya gwada zoben. Ya kama da hagu ya ja, maimakon ƙofa ta taho sai keken ya tafi wurinta, gwiwarsa ta bugi ƙarfe. Ya taka birki ya sake ja, ta ɗan motsa kamar faɗin yatsa, ta koma. Shi ya cika ta da yashi, ya san nauyinta. Ta waje kuwa ko jikarsa ƙarama in ta jingina da ƙarfi za ta buɗe. Sakatar bai taɓa zura ta ba ko sau ɗaya.

Ya koma ga littattafan, don ba su taɓa ba shi kunya ba. Ya buɗe wanda ya fi so, ya tafi kai tsaye inda ake taruwa a rumbu, ya ga haruffa kawai. A littafi, in mutum ya rufe ƙofa duniya ce ke mutuwa a waje. Nan ba abin da ya mutu. Ta 'yar tagar sama yana jin komai: ana soya albasa, ana faɗa a kan wanda ya fasa kofi, rediyo na yi, wani balan-balan ya fashe yara suka kwashe da ihu. Yana jin Auta na kwaikwayon muryar wani mai saye da ya zo shago, matarsa na dariya har tana cewa ya bari cikinta na ciwo. Ashe da gaske yake, ya iya ba da dariya.

Ran nan da yamma, ranar hutu ce, ya ji an fito da tabarma tsakar gida, ya ji ƙarar cokali a kofuna. Ya daɗe yana kallon ƙofar. Sannan ya tura keken da ƙafar hagu har ya isa, ya ɗaga tafin hannu ya buga. Ƙarfen ya haɗiye bugun. Ya ƙara. Ya dunƙule hannu ya ƙara, har fatar ta yi zafi. Ya riga ya shirya abin da zai ce in an tambaye shi me zai iya yi. Zai ce ba komai.

Ƙananan takalma suka matso, suka tsaya, suka koma da gudu.

"Abba, Kaka yana buga ƙofa."

Saura ya manna kunnensa da ƙarfen. Cokali ya ci gaba da juyawa a kofi.

"Na ji," in ji Auta. "Zo ki zauna. Bari mu gama shan shayi."